Dala da jaka: Hausar littafi a bakin wa ta rage?

Alhaji mai shagon atamfa, Garwa:
Salamu alaikum jama'a. Yau da ɓacin rai na wuni wallahi, shi ya sa na ce bari in zo in fitar da abin da ke cina. Wani baƙo ne daga Najeriya ya shigo shagona, yaro ne ma bai wuce sa'an ɗana na fari ba, ya ɗaga turmi ya ce nawa, na ce jaka goma sha biyu, ya ce jakar me? Muka dai daidaita, da yaron shago ya miƙa masa canji ya ce ga dala ashirin ɗinka, sai ya tuntsire da dariya a gaban mutane wai dala a Amurka take, wai mu nan Kamaru Hausarmu gurɓatacciya ce. Ni za a gaya wa haka? Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya bar mini Magana Jari Ce duka ukun, na farkon ma bangonsa ya ɓalle da zaren buhu aka ɗinke shi, da fitilar ƙwai yake karanta mana labarin akun nan a Hausare. Tun 1937 Abubakar Imam ya fara fitar da shi, kuma lissafin kuɗin littattafan wancan zamani ai da jaka da zambar da fam da sule ake yin sa. Yau yaransu nawa ne za ka ce wa zambar ashirin su gane dubu ashirin kake nufi? Ni dai na ce Hausar asali ta littafi a bakinmu ta rage.

Hajiya, Ngaundare:
Gaskiyarka Alhaji. Innata har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa sefa ɗari ba, dala ashirin take cewa. Ka yi haƙuri, rashin tarbiyya ne.

Malamin lakwal, Marwa:
Alhaji ban goyi bayan yaron ba ko kaɗan, amma kalmar asali ɗin nan a bi ta a hankali. Dala baƙuwa ce. Sunan kuɗin azurfa ne na Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Taresa, wanda ake buga 1780 a jikinsa, fatake suka riƙa shigo da shi ta Sahara, sunansa tala a can, kuma dalar Amurka ma daga wannan sunan ta fito. Ka ga ta wani ɓangaren kai da yaron kalma ɗaya kuke ja wa.

Direban babbar mota, Kusiri:
Haba Malam, dala baƙuwa? To Dutsen Dala na Kano shi ma daga Ostiriya aka ɗauko shi? Komai sai ku ce na Turawa ne.

Malamin lakwal, Marwa:
Yaya faɗe su biyun da bakinka ka saurara, ba ɗaya ake furta su ba. Rubutun boko ne ya haɗa su.

Direban babbar mota, Kusiri:
Ni na faɗa na ji ɗaya ne. Kakana ya yi fatauci har Kano da jakuna, bai taɓa ce mana kuɗin wata sarauniya ba ne.

Ɗalibi ɗan Garwa, yana karatu a Kano:
Baba Alhaji da girmamawa, akwai abin da aka tsallake. Kalmar ce ta rage a bakinmu, amma abin da take nufi ya sauya. A zamanin da aka rubuta su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, wato bayan gasar da aka yi a Zariya a 1933, dala a Najeriya sule biyu ce, jaka kuma fam ɗari, kuɗi ne na gaske wanda talaka sai ya shekara bai gan shi da idonsa ba, shi ya sa da naira ta zo a 1973 jaka ta koma naira ɗari biyu. Mu kuwa jakarmu sefa dubu ce, dalarmu sefa biyar. To in yaron Garwa ya karanta an ba wani jaka guda a littafi ya ɗauka kuɗin cefane ne, ai bai gane labarin ba, gara ma wanda bai san kalmar ba shi zai tambaya. Kuma dattawan Kano har gobe sun san jaka, a Kurmi na ji da kunnena.

Baffa, Garwa:
Kai yaro shekara biyu kacal da tsallaka iyaka har ka fara gyara wa iyayenka Hausa? Da dalar nan da kake rainawa aka biya maka kuɗin mota.

Ɗalibi ɗan Garwa:
Baffa Allah ya huci zuciyarka, ni ban raina ba, ma'ana kawai na faɗa.

Gwaggo, Injamena:
Mu nan da Larabcin Cadi riyal muke cewa, shi ma sefa biyar ne, riyal ashirin ɗari ke nan. In na juya Hausa in ce dala. Ba wanda ya taɓa mini dariya.

Modibbo, Marwa:
Tunda an zo nan bari in faɗa, da Fulatanci sefa dubu booro ne, booro kuwa jaka ce. Ceede ma, wato kuɗi da Fulatanci, asalinsa wuri ne kamar yadda kuɗi yake jam'in wuri. Lissafin nan namu ne na Fombina, wato ƙasar Adamawa, Hausawan nan a wurinmu suka ji.

Hajiya, Ngaundare:
Allah gafarta Malam, wa ya ji a wurin wa? Su wa suka kawo kasuwa ƙasar nan? Da kuna bin shanu mu muke ƙirga wuri, a bar tone-tone.

Modibbo, Marwa:
Hajiya mu da kuke cewa masu bin shanu mu muka rubuta muku waƙa. Kuna ta kiran littafin 1937 tsoho, Nana Asma'u 'yar Shehu ta rasu sama da shekara saba'in kafin a buga shi, ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Larabci da Hausa a ajami, mata na haddacewa. Mai neman tsohuwar Hausa can zai duba, ba boko ba.

Hajiya, Ngaundare:
Ai da ta so mata su gane da Hausa ta yi musu.

Direban babbar mota, Kusiri:
Ni tambayata ma daban ce, Alhaji wace irin atamfa ce jaka goma sha biyu? A nan goma na saya wa uwargida.

Alhaji mai shagon atamfa, Garwa:
Ba iri ɗaya ba ce, taka wanki biyu za ta koɗe. Jama'a ni fa zagin da aka yi mana na kawo, kun bar ni kun koma wani wuri.

Kawu mai kula da zaure, Garwa:
To ya isa haka, dare ya yi. Abin da na fahimta, kowa ya yarda yaron nan bai kyauta ba kuma Hausar Garwa ita ce ta riƙe kalmomin littafi, ko ɗanmu na Kano bai musa ba tunda ya ce kalmar tana bakinmu. Maganar Ostiriya Malam bai nuna mana takarda ba, sai mu ajiye ta. Ta booro kuma Hajiya ta ba da amsa. Alhaji ne da gaskiya, an rufe.

Malamin lakwal, Marwa:
Kawu ban yarda da wannan rufewar ba. Akwai irin azurfar a kayan kakata, an huda ta an yi abin wuya da ita, gobe in Allah ya kai mu zan ɗauko hotonta ku karanta 1780 da idonku.

Ɗalibi ɗan Garwa:
Baba Alhaji in na zo hutu dan Allah a ara mini na farkon nan mai zaren buhu, ina so in bi shi shafi-shafi in fitar da duk inda aka ambaci kuɗi.

Alhaji mai shagon atamfa, Garwa:
Ba ya fita daga gidana. Ka zo zaure ka zauna ka karanta.