Ziyarar zumunci daga Garwa zuwa Lere da Pala: me ya kamata mu shirya?

Malamar makarantar Lahadi, Garwa:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Ikkilisiyarmu a nan Kamaru za ta aiki mutum 12 su ziyarci majami'u uku tsakanin Lere da Pala a ƙasar Chadi, su kuma yi kwana huɗu da yara. Wane wata ya fi dacewa, waɗanne takardu ake tambaya, kuma wace tsaraba ce za ta amfani yaran?

Dattijon ikkilisiya, Figil:
'Yar'uwa, ku tafi tsakanin Nuwamba da Janairu. Da damina hanyoyin ƙauye a yankin Mayo-Kebbi, inda Lere da Pala suke, laka ce zalla, daga Maris kuma zafi ya kankama, ga sanƙarau. Kowa ya riƙe fasfo mai rai da katin allurar shawara. Allurar ba ta aiki sai bayan kwana 10, don haka kada a bari sai makon tafiya. Abin da aka fi mantawa shi ne wasiƙar gayyata daga shugabannin ikkilisiyar can, da Faransanci, da hatimi, da sunan kowa kamar yadda yake a fasfo. Ku yi kofe da yawa, jandarma suna tambaya a shinge. Sefa ɗaya ce da tamu, amma ku tafi da ƙananan kuɗi, ku sayi layin Airtel ko Moov idan kun ƙetare. Kada mota ta yi tafiyar dare, an sha fama da masu garkuwa da mutane a yankin. Kada kuma a ɗauki hoton gada ko ofishin gwamnati.

Ma'aikaciyar jinya, Marwa:
Ina roƙonku, kada ku cika jaka da magani ku raba wa yara. Kwastan na iya riƙe shi, kuma ba a ba yaro magani sai an san nauyinsa da abin da ke damunsa. In kuna da kuɗin magani, ku miƙa wa asibitin shan magani na garin. Gidan sauro mai magani da sabulu sun fi amfani. Ku koya wa iyaye mata ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In gishiri ya yi yawa, cutar da yaron zai yi.

Mai bishara, Pala:
Mama, sannu da wannan niyya. Nauyin baƙi 12 a kan ikkilisiyar ƙauye ba ƙarami ba ne. Za a yanka akuya, zumuntar mata ta kwana a murhu, kuma kunya ba za ta bar kowa ya ce muku hatsi ya ƙare ba. Ku aiko da kuɗin abinci tun kafin ku taso, ta hannun ma'aji da dattawa biyu, a rubuta.

Yaran nan Mundang da Tupuri suka fi ji, kaɗan ne za su bi darasi da Hausa. Ku nemi tafinta daga malaman makarantar Lahadi na nan, ku aiko musu darussan da wuri su shirya. Littattafan rubutu da alli ku saye su a kasuwar Pala, ku ba dattawa su raba bayan kun tafi, har da 'ya'yan maƙwabta da ba sa zuwa sujada. Rabo a bainar jama'a yakan ƙare da kuka, domin yaran da suka zo kullum sun fi lissafi. Hoton yaro kuwa sai iyayensa sun yarda.

Malamar makarantar Lahadi, Garwa:
Na gode, Baba. Littattafai nawa za mu ƙiyasta wa kowace majami'a?

Mai bishara, Pala:
Ku karɓi rajistar makarantar Lahadi tukuna, sannan ku ƙara rabin adadin a kai.