Na cije a kan Hobbes da balaga, a taimaka min

Jama'a, don Allah ku agaza min. Ina rubutun kammala digiri kan balagar siyasa, wato fasahar iya magana don jan ra'ayin jama'a, a Ingila ta ƙarni na 17, amma masanin falsafa Thomas Hobbes ya ɗaure min kai. A zamaninsa yara na haddace rubuce-rubucen Cicero, gwanin magana na tsohuwar Roma, a makaranta, suna koyon kare magana ta kowane ɓangare. Shi ma a haka ya tashi, har ya fassara littafin Thucydides, masanin tarihi na tsohuwar Girka, a 1629. Sai ga shi a littafinsa De Cive na 1642 yana zargin masu zaƙin baki da hura wutar fitina. Amma littafinsa Leviathan na 1651 cike yake da kamance da ba'a! Ra'ayinsa ya sauya ne, ko yaƙin basasa ya tilasta masa? Malamina ya ce in tsaya kan ɗaya, ni kuwa na kasa.