Neman kalma: matsin da ke taruwa a ciki bayan tiyatar babbar jijiya

Malamar Jinya: Salamu alaikum. Gobe da safe ina da aji, ina neman Hausar "abdominal compartment syndrome". Darasin kan wanda babbar jijiyar jinin cikinsa ta kumbura ta fashe ne. An yi tiyata ya tsira, sai jinin da ya kwanta ta baya da ruwan da aka yi ta ƙara masa suka cika cikin, hanji ya kumbura. Matsin da ya taru a cikin ya sa fitsari ya ɗauke, huhu ya kasa buɗewa. A taimaka kafin isha.

Ɗan Zazzau: Kumburin ciki.

Malamar Jinya: Haba ƙanena, ai sai su jiƙa masa kanwa.

Baffa Mai Nahawu: Ƙuncin ciki. Ƙunci rashin sarari ne, Hausa ce tsantsa. Na daɗe ina ba da shawararta.

Likitan Fiɗa: Baffa, wanda ya ji wannan ɓacin rai zai ɗauka. Kuma abu biyu ne. Idan matsin ciki ya kai 12 a ma'aunin mmHg, irin na awon hawan jini, ya ɗore a haka, ya hau ke nan. Idan ya wuce 20, ƙoda ko huhu ko hanji suka fara gazawa, shi ne abin da Malama ke tambaya, kuma sau da yawa sai an sake buɗe cikin a bar shi a buɗe. Ta robar fitsari ake aunawa, a zuba ruwan gishiri da bai wuce mililita 25 ba a mafitsara, majiyyacin yana kwance rigingine. Na farkon a ce "hawan matsin ciki", kamar hawan jini. Na biyun "shaƙewar kayan ciki".

Baffa Mai Nahawu: Wannan Turanci ne aka sa wa babbar riga. Tun 1984 wani likita mai suna Kron ya bayyana awon nan a Amurka, mu har yau muna ara. Ƙuncin ciki dai.

Bamaradiya: Baffa, "tiyata" fa daga ina ta zo? Ku mutanen Kano kun ari rabin Ingilishi, mu kuwa da mun ari Faransanci mun ce wa makaranta "lakkwal" sai ku yi dariya.

Ɗan Zazzau: Faɗa masu, Hajiya!

Baffa Mai Nahawu: A Kano aka daidaita Hausa, 'yata. A bar tone-tone.

Malamar Jinya: Jama'a, lokaci! Dakta, "shaƙewa" ba za ta kai su maƙogwaro ba?

Likitan Fiɗa: Za ta iya. To ki ce "matsewar kayan ciki", ki rubuta 20 ɗin a allo. Muddin sun lura da fitsarin da ke raguwa sun kira mu, sunan ya yi aikinsa.

Malamar Jinya: Na ɗauki hawan matsin ciki. Na biyun zan gwada matsewa in ga fuskokinsu.

Baffa Mai Nahawu: Ki rubuta tawa a gefe, ko da ƙaramin rubutu ne.