Tirela ta buge motarmu a hanyar Kaduna, sun kawo takarda in sa hannu, don Allah ku ba ni shawara

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don Allah a saka min wannan ba tare da suna ba. Ni ɗan Tudun Wada ne, kayan waya nake sayarwa a PZ, ina da mata da yara. Bayan ƙaramar sallah na hau Sharon daga Kaduna zan dawo Zariya da kaya, mun wuce Birnin Yero kafin mu kai Jaji sai ga wata tirela ta biyo hannunmu, direbanmu ya yi iya ƙoƙarinsa ya kauce amma sai da ta kwashi gefen da nake zaune. Cinyata ta dama ta karye gida biyu, an yi aiki an sa ƙarfe, yanzu da sanduna nake dogarawa. Wani dattijo da ke bayana nan take Allah ya karɓi abinsa. 'Yan Rod Sefti ne suka kwashe mu zuwa asibiti.

Kuɗin aiki da magani sai da aka sayar da mashin ɗina aka haɗa da jarin shago, yanzu haka shagon a rufe yake. Tirelar ta wani kamfani ce, an kama direban an ba da belinsa. Shi ne manajansu ya zo gida da wasu dattawa, suka gaida Baba, suka ajiye naira 300,000 wai na magani, da wata takarda da Turanci in sa hannu. Ƙanwata ta karanta ta ce ma'anarta na yafe komai, ba ni ba ƙara har abada. Kuɗin bai kai rabin abin da muka kashe ba, kuma likita ya ce akwai wani aikin nan gaba na cire ƙarfen. Baba ya ce ƙaddara ce, in karɓa in bar wa Allah, gidanmu ba a shari'a. Ba na son saɓa masa, amma wallahi in na kalli yaran nan hankalina tashi yake. Ban san ta inda ake fara neman lauya ba kuma ba ni da kuɗin biyansa. Ya zan yi?

Wata uwa daga Samaru:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba ka lafiya ɗana, ya jiƙan dattijon. Takardar nan dai kar ka taɓa ta tukuna.

Ɗan kasuwar Sabon Gari:
Sannu ɗan uwa. Ni gaskiya zan faɗa maka, ka bi maganar Baba. Kamfani ne fa, suna da lauyoyinsu da suke biya duk wata, kai kuma ko kuɗin Keke zuwa kotu sai ka nema, yau a ɗage zama gobe alƙali ya yi tafiya, kana ji kana gani shekaru su wuce. Da babu gara ba daɗi. Ka roƙe su su ƙara wani abu ka karɓa ka buɗe shagonka.

Lauya a Zariya:
Ɗan uwa sannu da jiki. Ni lauya ce, kuma ban ce mai magana ta sama bai da gaskiya kan jinkirin kotu ba, akwai shi. Amma ka tambayi kanka me ya sa suka tako har gida da takarda. Ba don tausayi kaɗai ba ne, sun san abin da ke kansu ya fi wannan kuɗin nesa ba kusa ba.

Magana biyu ce a nan mutane ke haɗa su. Akwai kes na 'yan sanda, wato hukunta direba kan tuƙin ganganci, wannan tsakaninsa da hukuma ne. Akwai kuma naka na neman diyya, kai ke shigar da shi a babbar kotun jiha, kuma belin direba bai kashe shi ba. Ba direban kaɗai za ka nema ba, tunda yana bakin aikin kamfanin ne abin ya faru, doka ta ɗora wa kamfanin alhakin sakacinsa.

Sai inshora, wadda yawancinmu muka ɗauka takardar nuna wa 'yan sanda ce kawai. Tun 1945 akwai dokar da ta wajabta wa mai mota ya yi inshorar da za ta biya wanda motarsa ta yi wa ɓarna. Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mai da kuɗinta naira 15,000 ga ƙaramar motar gida, tana biyan ɓarnar dukiya har miliyan 3, manyan motocin dako kuwa 100,000 suke biya, iyakarsu miliyan 5. Wannan iyakar ta dukiya ce fa, rauni a jiki da asarar rai ba a ɗaure su da ita ba. Ka samo lambar tirelar, ka danna *565*11# a wayarka ka saka lambar, za ka ga ko inshorarta ta gaskiya ce da kamfanin da ya yi ta. Idan ta gaskiya ce, lauyanka zai rubuta wa kamfanin motar da na inshorar tare, don dole ne a sanar da masu inshora da wuri.

Abin da ake nema ya haɗa da kuɗin da ka kashe, shi sai da rasit, kotu ba ta karɓar "na kashe kusan kaza" da baki. Sannan aikin da ke gaba, da cinikin da ka rasa shago a rufe, da kayan da suka lalace a motar, da azabar da ka sha, da nakasa in ta bari, Allah ya kiyaye. Sulhu ba laifi ba ne, da yawa cikin irin waɗannan da na riƙe a tebur suka ƙare ba a je gaban alƙali ba, amma sulhun da aka yi bayan an san girman ciwon, da lauya a zaune. In ka sa hannu yanzu, ranar cire ƙarfe ba wanda zai ɗaga wayarka. Kar kuma ka yi ta jan ƙafa, shigar da ƙara yana da wa'adi. Ga sauran 'yan zaure ku riƙe wannan, in motar gwamnati ce ta buge mutum wa'adin wata 3 ne kacal a dokar kare jami'an gwamnati.

Ma'aikaciyar jinya:
Ƙanina ka koma asibitin ka nemi rahoton likita a rubuce da sa hannu da hatimi, a faɗi irin karayar da aikin da aka yi, ka roƙi likitan ƙashin ya rubuta maka ƙiyasin kuɗin cire ƙarfen da na gashin ƙashi a asibiti. Hotunan ƙashin kar a naɗe su kar a bari rana ta buge su. Rasit ɗin nan na POS da na kantin magani masu santsi, rubutunsu gogewa yake a 'yan watanni ya koma fari fat, yau ɗin nan ƙanwarka ta je ta yi hotokwafi ta kuma ɗauke su a waya. Don Allah kar wani ya ja ka wurin mai ɗori da ƙarfe a ƙafa, ban raina sana'arsu ba amma wannan ba nasu ba ne.

Direba daga tashar Kwangila:
Allah ya ƙara sauƙi maigida. A tasha ka hau ko a bakin titi? In a tasha ne akwai manifes, sunanka da na sauran fasinja da lambobin waya duk suna ciki, ka aika wani wurin yuniyon ya karɓo kwafi, su ne shedunka tare da direban Sharon ɗin, shi ma ai motarsa ta tafi yana da nasa haƙƙin. Ofishin 'yan sandan da ke riƙe da kes ɗin, sashen MTD mai kula da haɗurran mota, suna da zanen wurin da suka yi da awon inda kowace mota ta tsaya, VIO kuma, wato jami'an duba lafiyar motoci, su ke duba motar su rubuta lafiyar birki da taya. Ka nemi waɗannan tun fayil bai yi ƙafa ba. Maganar inshora kuma Barista ta faɗi gaskiya, amma a duba da kyau don jabu ta yi yawa a hannun 'yan ƙamasho, shi ya sa ma 'yan sanda suka fara kame a kanta a Fabrairun 2025.

Malamin Islamiyya daga cikin birni:
Ɗana, maganar mahaifinka ta taɓa ni, don na san tsoron Allah ne ya sa shi faɗinta. Amma imani da ƙaddara bai hana karɓar haƙƙi ba. Allah da kansa ya shar'anta diyya a kisan kuskure a Suratun Nisa'i aya ta 92, ya kuma bar wa iyalan mamacin zaɓin yafewa in sun so. Malaman fiƙihu sun yi babi guda kan raunuka, har sun ƙayyade cewa rasa ƙafa ɗaya rabin diyya ce. Yafiya alheri ce, amma taka ce, kuma ba a yin ta da abincin yara alhali mai ɓarnar yana da hali. Kar ka yi jayayya da Baba, ka sami limamin unguwarku ko wani amininsa ya zauna da shi. In kuma kana da hanyar iyalan dattijon da ya rasu ka sanar da su, wataƙila an kai musu irin takardar nan.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. A tasha na hau, kuma wani yaro a motar ya ɗauki bidiyon tirelar har lambarta ta fito. Malam in sha Allah zan bi ta wurin liman. Barista saura maganar kuɗin lauya, wallahi ba ni da shi. Kuɗin da suka ajiye kuma suna nan wurin Baba ba a taɓa ba, in mayar musu ne?

Lauya a Zariya:
Bidiyon nan a tura shi wayoyi biyu ko uku yanzu. Kuɗin a bar su yadda suke har lauya ya gani, zai iya rubuta musu cewa an karɓa ne a matsayin wani ɓangare na kuɗin magani ba ƙarshen magana ba, in sun ƙi sai a mayar da sheda. Ita ma takardar a yi kwafinta.

Rashin kuɗi ba zai hana ka lauya ba. Akwai hukumar Legal Aid Council, gwamnatin tarayya ta kafa ta tun 1976 don marasa hali, dokarta ta 2011 ta haɗa da neman diyyar hatsari, ana duba wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato 70,000 a yanzu, suna da ofis a Kaduna. Nan kusa da kai kuma akwai sashen taimakon shari'a kyauta na tsangayar lauyoyi ta ABU a Kongo, daga Tudun Wada ba nisa, ko ka tuntuɓi ƙungiyar lauyoyi reshen Zariya. Wasu lauyoyin suna karɓar irin wannan kes a kan sai an biya ka su ɗauki kasonsu, doka ta yarda da haka, amma a rubuta kason tun farko, a rubuta wa zai biya kuɗin shigar da ƙara, kuma ba a karɓar sulhu sai da yardarka. Duk wanda ya zo da kansa ya ce ya san manaja ko ya san alƙali ka kawo wani abu, rabu da shi. Ranar da za ka je ka tafi da ƙanwar taka da duk takardun a jaka ɗaya, in manajan ya kira kafin nan ka ce masa ana duba takardar, kar ka ƙara komai a kai.