Me za mu kira "core" da Hausa?

Malamin sassan jiki: Assalamu alaikum. Ina neman kalmar da za mu riƙa gaya wa masu ciwon baya maimakon "core", sunan da ake kiran tsokokin da ke riƙe tsakiyar jiki da Turanci. Ba tsoka ɗaya ba ce. Akwai ta can cikin ciki mai zagaye ƙugu a kwance, da ƙananan da ke manne da gaɓoɓin ƙashin baya, sai tsokar numfashi a sama kamar murfi, ta ƙasan mara kuma kamar gindin tukunya. In suka tamke tare, matsi ya ƙaru a ciki, baya ya daina lilo. Wasu na cewa "tsokokin ciki".

Likitar gashin ƙashi: Wa alaikumus salam, Malam. "Tsokokin ciki" zai sa mutum ya zaci ta gaban nan ce da samari ke nunawa, ya yi ta kwanta-tashi a banza. "Ginshiƙi" ma bai yi min ba. Ginshiƙi tsaye yake ƙiƙam, shi kuwa ƙashin baya na wajen ƙugu in babu tsoka, nauyin kamar kilo 9 ya isa ya lanƙwasa shi. Shawarata "ɗamarar jiki".

Mai horas da 'yan wasa: Ta zauna, Likita, tunda kafin aiki ake ɗaura ɗamara. A 1996 masu bincike Hodges da Richardson na Ostareliya sun nuna cewa in mutum zai ɗaga hannu da sauri, tsokar mai zagaye ƙugu kan riga ta kafaɗa tamkewa, a masu ciwon baya kuwa sai ta makara. Amma wannan ya san zai motsa. Wanda ke tsaye a bas direba ya taka birki fa?

Likitar gashin ƙashi: Wannan aiki daban ne. Jiki ya tafi gaba, tafin ƙafa da cikin kunne da ido suka kai rahoto, sai sha-raɓa ta fara ja bayan kamar kashi 1 cikin 10 na sakan, bayan cinya ya bi, sannan tsokokin gadon baya. Tunani bai ma iso ba. In turin ya yi yawa ko wurin taku ƙunci ne, ƙugu ke lanƙwashewa da sauri, in ya faskara a jefa ƙafa. Gajiya da ciwo da tsufa ke kawo makara. Mai tsoron ciwo kuma ya kan ƙame ko'ina kamar katako, ya ƙara wa bayan nauyi. Don haka a raba: "ɗamarar shiri" da "ɗamarar ba-zata".

Malamin sassan jiki: Na karɓa. Sai dai kar a yar da "jiki" daga kalmar. Ka ce wa dattijo ya ƙarfafa ɗamara kawai, gobe sai ga shi da bel ɗin baya na kemis.