Aikin ba lauyoyi shawara kan juri da shaidu: yana ci a Gana kuwa?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum yayyena. A Amurka akwai mutanen da ba lauyoyi ba, amma lauyoyi na biyansu su taya su zaɓen 'yan juri (wato mutanen gari da kotu ke zaɓa su saurari shari'a su yanke hukunci) da shirya shaidu. Wanda ya karanta ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Gana da ke Legon, zai iya cin abinci da wannan sana'a a Kumasi ko Akara?

Malam Na Asawase:
Wa alaikumus salam ƙanena. Sana'ar ta samo tushe ne a 1972, a shari'ar wasu mutum bakwai da aka tuhuma a garin Harrisburg na Amurka, inda masana zamantakewa suka taya lauyoyin waɗanda ake tuhuma tantance juri. An kafa ƙungiyar masu aikin a 1982. Abin da ya sa take da kasuwa can shi ne har ƙarar neman diyya juri ke yanke ta, kamfanoni kuma ba sa jin ciwon kashe kuɗi.

Nan ba haka ba ne. Juri sai a Babbar Kotu, kan manyan laifuka irin kisan kai. 'Yan juri mutum bakwai ne, masu shekara 25 zuwa 60, masu jin Turanci, kuma wanda ake tuhuma mutum uku kawai zai iya ƙi ba tare da ya kawo dalili ba. Rikicin fili, bashi, gado, kwangila, duk alƙali ne shi kaɗai. To wa zai biya ka? Galibin masu fuskantar juri kuɗin lauya ma da ƙyar.

Hajiya Maamobi:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai bai kai ƙarshe ba. Tun gyaran ƙa'idojin Babbar Kotu na 2014, a ƙarar da ba ta laifi ba shaida yana ba da bayaninsa ne a rubuce, a shigar kafin zama, sannan lauyan ɗaya ɓangaren ya yi masa tambayoyi a kai. Aikin yana nan, ɗana.

Za ka zauna da shaida ka ɗauki maganarsa da harshensa, Hausa ko Tuwi. Ka jera abin da ya faru kwana bi kwana, kowace magana ka haɗa ta da takardarta: rasit, taswirar fili, saƙon WhatsApp, shaidar tura kuɗi ta waya. Bayan an mayar Turanci, a karanta masa da harshensa kafin ya sa hannu ko ya dangwala. Nan ake yawan faɗuwa. Lauya ya rubuta da Turancinsa mai nauyi, dattijo ya dangwala bai fahimta ba, a kotu tafinta ya tambaye shi ya ce shi bai faɗi haka ba. Shi ke nan, shaida ta rushe.

Gwaji kuma: wani ya zauna a matsayin lauyan abokin gaba ya matsa wa shaida da gaske. In ya sassauta, an ɓata lokaci ne kawai. Koya wa shaida ya saurari tambaya har ƙarshe, ya amsa ita kaɗai, in bai tuna ba ya ce bai tuna ba. Amma kada ka sa masa magana a baki, wannan shaidar zur ce, har kai za ta ci.

Alhaji Sabon Zango:
A ƙara da wannan. Dokar aikin lauya ta 1960 ta hana wanda ba lauya ba yin aikin lauya, don haka a ƙarƙashin ofishin lauya za ka yi, ba kai da mai ƙara kai tsaye ba. Kuma kada ka kusanci ɗan juri a wajen kotu ko da gaisuwa ce. Ka fara da zama a Babbar Kotu da ke Adum a Kumasi kana sauraron yadda ake yi wa shaidu tambayoyi, ka karanta dokar shaida ta 1975. Ka leƙa ɓangaren sasanci ma, wanda dokar 2010 ta tsara, don can ba dole sai lauya ne zai zama mai shiga tsakani ba.