Yaya zan cire bayan madubi ya koma gilashi zalla?

Uwar Biyu:
Salamu alaikum jama'a. Ina da wani dogon madubi da danshi ya ci bayansa, gefensa duk baƙin tabo. Gilashin kuwa mai kauri ne, ko tsagewa babu, ina so in mayar da shi saman teburi. Jiya na sa reza na kankare wajen faɗin tafin hannu, fentin ya fita amma ƙyallin na nan daram, hannuna kuma ya yi tsami. Me zan yi?

Mai Gilashi:
Wa alaikis salam Hajiya. Ai hawa-hawa ne abin: fenti a waje, wani lokaci jan ƙarfe a tsakiya, sannan azurfa ko alminiyam manne da gilashin. Ki kifa shi a kan tsohon bargo, ki shafa maganin cire fenti, ki jira sai ya kumbura, ki kwashe da abin kankara na roba. Sauran ƙyallin siriri ne ƙwarai. Fesa masa bilic, ba shi ɗan lokaci, sai ki goge da soson ƙarfe mafi laushi, a jiƙe. Kada ki kusanci sanfefa, ni na taɓa karce gilashi guda da ita, har yau abin na ci mini rai.

Kafinta:
A waje za ki yi, da safar hannu. Kuma kada ki kuskura ki haɗa bilic da asid, iskar kulorin yake fitarwa, tana ƙona huhu.

Mai Gilashi:
Au, na manta. Shekarunsa nawa? Kafin a fara shafa azurfa a 1835, zaiba da kuza ake sa wa madubi, an kuma daɗe ana yin hakan bayan nan. In irin wannan ne, ki bar shi, zaiba guba ce.

Uwar Biyu:
A'a, na aurena ne, bai kai shekara 20 ba. Na gode Malam, gobe zan gwada a kusurwa ɗaya tukuna.